Famfon Gindin Tanki

Shekara goma sha tara ina kula da tankunan cibiyar binciken teku, kifi bai taɓa mutuwa a hannuna don sakaci ba. Har masu gadi Uwar Kifi suke kirana. To, ranar Talatar nan na shiga da safe na tarar da kifaye a mace, tuli guda a gindin babban tanki, ƙaguwa kuwa sun hau bango suna neman hanyar fita. Na kifa bokiti na zauna.

Tankin nan zurfinsa ya kai bene hawa biyu, kuma a cikinsa Dokta ke gwajinsa. Dokta masani ne, ban raina masa ba, sai dai gaggawa kamar ana korarsa. Dabararsa a zuba wa teku garin ƙarfe yadda ake zuba wa gona taki. Gansakuka ta yaɗu, ta zuƙe iskar kabon da ke ɗumama duniya, in ta mutu ta nutse da ita. An riga an loda garin a jirgin ruwa a tasha, saura mako guda ya tashi. Gwajin tankina kawai ake jira.

Da ya shigo ya ga gawarwakin, ko gaisuwa babu.

"Mama, ko kin wanke raga da sabulu kin tsoma?"

"Ni? Dokta, tun kana makarantar firamare nake wannan aikin."

"To ga na'ura, iskar shaƙa a cike take. Ba daga gwajin ba ne."

Na'urar tasa tana rataye kamu ɗaya ƙarƙashin fuskar ruwa, inda gansakuka ke kore shar. Kafin azahar ya rubuta rahoto: sakacin ma'aikaciya. Sakatare ne ya tsegunta mini, ya ce takardar sallamata tana kan teburin Shugaba, hannu kawai za ta sa. Wallahi ba korar ce ta fi ci mini rai ba, a ce ni na kashe su.

Ina da wata ɗabi'a da na gada wurin tsohon da ya koya mini aiki. Kullum da safe nakan buɗe famfon gindin tanki, na tari ruwa a tafin hannu na sansana. Kwana uku ke nan ina gaya wa Dokta ruwan ƙasa ya canza wari, yana dariya, wai hanci ba ma'auni ba ne.

Na hau sama ofishin Shugaba ban ko cire takalmin roba ba. Dattijuwa ce marar yawan magana, alƙalami na hannunta.

"Ranki ya daɗe, kafin ki sa hannu ki biyo ni ƙasa. Minti biyar."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye alƙalamin.

Muka sauka ɗakin bututu, Dokta na biye yana ta bayani. Na tara bokiti na murɗa famfo. Ruwa ya fito baƙi-baƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin, har Shugaba ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Kawo na'urarka ka tsoma a nan," in ji ta.

Ya kawo ya tsoma. Lambar ta dinga sauka, ta sauka, ta tsaya dab da sifili. Ya girgiza na'urar ya sake tsomawa, ba ta canza ba. Sannan da bakinsa ya faɗa, a hankali: gansakukar da ta mutu ce ta taru a ƙasa tana ruɓewa, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Sama lafiya lau, ƙasa kabari.

Shugaba ta ce, "Da a teku ne fa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, teku ba ta da famfon gindi. Sai dai masunta su ja raga su ji babu nauyi."

Ƙanena masunci ne, shi na tuna.

A nan tsaye ta kira tasha a waya ta ce jirgi ya dakata. Ni kuwa na jingina da bututu ina sauke ajiyar zuciya, ina hamdala. Daɗi ya kama ni har na rasa masifar da na tanadar wa Dokta tun safe.

Washegari na iso na same shi a ɗakin bututu, ya naɗe hannun riga, kansa a sunkuye.

"Mama, ki yafe mini. Ki nuna mini yadda ake yi."

Na ce, "Tara hannunka." Na murɗa masa famfon.