Kukan Jif ɗin Badruddeen

"Tsaya nan, ɗana! Kada ka ƙara murɗa sitiyarin nan."

Obadiya ne ya ɗaga murya daga kujerarsa a ƙofar gida, tari na sarƙe shi. Tsohuwar jif ɗin maƙwabcinsu Badruddeen ce ke ƙoƙarin shiga get, tana gurnani, tayoyin gaba na turjewa kamar akuyar da ake ja kasuwa.

Dorcas, matar Obadiya, tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta taɓe baki. Shekara talatin mijinta ya yi a ƙarƙashin motoci kafin ciwon zuciya ya zaunar da shi. Shi kuwa wannan ɗan ofis, mai ƙamshin turare, ko taya bai taɓa canzawa ba, amma baki ya fi na kowa a unguwar Gwallameji.

"Tun da ka dawo daga ƙauye ba ka mayar da ƙaramar sandar nan ta gefen giya ba," in ji Obadiya. "Ƙafa huɗu take ja. Wannan na laka ne da yashi. A kan kwalta murɗe cikinta take yi. Mayar da sandar, ka ɗan yi baya, za ta saki."

Badruddeen ya yi dariya, ko gilashi bai gama saukewa ba.

"Baba, jiya aka sa mata kwamfuta, sun ce waya ce kawai. Kuma ƙafa huɗu ai ta fi riƙe titi. Zamanin gyara da kunne ya wuce."

"To, Allah ya kyauta," in ji Obadiya.

Dorcas ta ja tsaki. Kwamfuta! Kai ka ji shirme.

Kwana tara bayan haka, da azahar, Obadiya ya dafe ƙirji ya zame daga kujera. Ruwan sama ya cinye layinsu, babu mai keke Napep ɗin da zai shigo. Dorcas ta haɗiye girman kanta ta buga get ɗin Badruddeen.

Gaskiya ya fito da gudu, suka sa Obadiya a kujerar baya, suka nufi asibiti. Jif ta keta laka sarai.

"Mama, kin ga amfanin ƙafa huɗu ko?"

Dorcas ta ƙara riƙe hannun Obadiya. Kan mijinta na kan cinyarta. Suna hawa kwalta, gurnanin ya dawo. Obadiya ya buɗe ido.

"Sandar... ɗana, sandar."

"Baba, ka huta, kada ka wahalar da kanka."

"Ka ji abin da ya ce mana!" Dorcas ta daka masa tsawa.

Ina! Sai ma ya ƙara wuta. A kwanar farko aka ji ƙas! Wani dogon ƙarfe ya faɗo ƙasa yana jan titi, motar ta tsaya cik. Badruddeen ya fita ya buɗe bonet, wai shi mai dubawa, alhali ɓarnar tana ƙarƙashi.

Kafin a sami keken da ba kowa a ciki, hannun Obadiya ya saki nata.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, mata cike da tsakar gida suna waƙoƙin coci, Dorcas ta fito zubar da ruwa. An jawo jif ɗin, tana ƙofar gida, mai na ɗiga a ƙarƙashinta. Badruddeen na zaune ciki shi kaɗai, injin a kashe. Tana kallo ya kai hannu a hankali, ya tura ƙaramar sandar ta koma wurinta.

Ta watsa ruwan a kwata, ta shige ciki.