Ɗango Ɗan Fara Ne

Fara ta sauka a Tudun Gawo ranar wata Laraba da hantsi, a farkon damina, ba ta ci kome ba.

A lokacin gero bai kai idon sawu ba. Mutane suka fito da ganguna da ƙore, ana kaɗawa, ana ihu, ana turnuƙe gefen gonaki da hayaƙi. Farar ba ta ko dube su ba. Ta tsallake gonakin kaf, ta je ta lulluɓe yashin bakin rafin da ke arewa da gari, ta yi 'yan kwanakinta a can, sannan ta tashi ta yi gabas. Mata suka cika kwanduna da ita, aka dafa, aka shanya, aka barbaɗa gishiri. Dagaci Iliyasu ya sa aka dama gumba aka kai ƙofar masallaci, sadakar godiya.

Mutum ɗaya ne bai miƙa hannu ga gumbar ba, Malam Kashim, mai koyar da yaran garin karatun allo. Kakansa ya zo daga Borno da jaki ɗaya da littattafai, jakin ya mutu, littattafan suka rage. Malam ya karanta su har da abin da gara ta bari. Tun da matarsa Amsa ta rasu harshensa ya rasa mai ja masa linzami, saboda haka mutane suna aiko masa 'ya'yansu don babu mai karatu kamarsa daga nan har Kunci, amma su kansu sukan canza hanya in sun hango shi a bakin zaure.

Shi kaɗai ya je yashin ba da kwando ba. Ya tsuguna ya duba. Farar rawaya ce, ba ja ba, kuma matan farar sun cusa gindinsu cikin yashi mai laima sun yi shiru. Da suka tashi, yashin ya rage da ƙananan ramuka kamar rariya. Ya sa yatsa ya tona ɗaya, ya ga abin da ya zata zai gani.

Bayan sallar Azahar, ana rabon gumba, ya ce da dagaci, "Ranka ya daɗe, me ake wa godiya?"

"Malam, fara ta zo ta tafi, ba ta taɓa mana ko ganye ba."

"Baƙuwar da ta zo haihuwa ba abinci ne ya kawo ta ba. 'Ya'yan ne za su ci. Ta cika muku yashin rafi da ƙwai. Kafin watan nan ya mutu ɗango zai fito, ya gangaro ya aske geron nan har ƙasa. A kaɗa gangar gayya yau, a tone yashin, rana ta ƙona su."

Iliyasu ya yi murmushi irin na wanda ya saba haƙuri da malamai. Kowa a Tudun Gawo ya san ɗango, baƙin ƙwaron nan mai tsalle da ke tafiya runduna runduna, kuma kowa ya san da ruwan sama yake zubowa. Haka kakanni suka ce.

"Malam, ina haɗin fara da ɗango? Wannan rawaya, wancan baƙi. Wannan tana da fiffike, wancan ba shi da shi."

"Kai ma ranar da aka haife ka babu rawani a kanka."

Masallacin ya ɗauki dariya, har liman sai da ya sunkuyar da kai. Malam ya ji daɗin maganar kamar yadda yakan ji daɗin irinta, sai da ya kai gida ya lura da abin da ta jawo masa. Dagacin da aka yi wa dariya a gaban talakawansa ba zai kaɗa gangar gayya a kan maganar wanda ya jawo dariyar ba, ko da ɗangon yana cikin rigarsa.

Manya sun kuɓuce masa. Saura yara.

Washegari, da aka gama biya allo, ya ce kowa ya jingine nasa ya nemo sakaina. Ya kora su gaba har bakin rafi, ya tsugunar da su a kan yashi.

"Basiru, wa ya haifi ɗango?"

Basiru, ɗan maƙeri, wanda ba ya jiran a gama tambaya, ya ce, "Ruwan sama!"

"Kai wa ya haife ka?"

"Inna."

"An ce ranar da aka haife ka ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Don me ba ka ce wa hadari Baba?"

Yara suka faɗi suna dariya. Malam ya jira suka gama, sannan ya nuna musu ramukan, ya ce su tona a hankali, zurfin yatsa. Maijidda, 'yar dagaci, yarinya mai giɓi da taurin kai, ita ta fara ciro abin: wani ɗan curi mai tsawon ƙaramin yatsa, yashi ya manne masa. Ta ɓare shi, sai ga ƙwayoyi a jere.

"Malam, shinkafa!"

"Ki kai wa uwarki ta dafa, mu ga. Ƙwan fara ne. Kowace ƙwaya ɗango ce, kowane ɗango baki ne. Ku ɗaga kai ku dubi yashin nan."

Suka duba. Ramukan sun tafi har inda ido ya tsaya.

Malam ya fito da tukunyar miyar marigayiya Amsa, wadda ba a ɗora a wuta ba tun da aka fita da gawarta. Yara suka zuba yashi mai laima, suka binne curin ƙwai a ciki, aka rufe bakin da tsumman saƙi. Ya ajiye ta jikin katangar da rana ta fi duka, don ya san ɗumi zai sa nasa su riga na rafi ƙyanƙyashewa. Maijidda ya ɗora wa ɗaure bakin da kwancewa da yayyafa ruwa. Kuma da yake ya san yaro ba ya riƙe abin da bai rera ba, ya jera musu maganar da muryar karatu: fara ta haifi ƙwai, ƙwai ya haifi ɗango, ɗango ya tuɓe riga, ya tuɓe riga, ya yi fiffike, ya zama fara.

Gari ya ɗauka. Aka ce kaɗaici ya taɓa Malam, ya bar allo ya koma kiwon ƙwari. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Maƙeri ya zo da kansa ya tsaya a bakin zaure.

"Malam, karatu na kawo shi, ba tonon yashi ba."

"In ɗango ya gama da geronka, sai ka dafa masa allon."

Maƙeri ya ja hannun Basiru suka tafi. Da la'asar Basiru ya tsallako katanga ya dawo leƙen tukunya. An hana Maijidda ita ma, ta ce ita allo take zuwa biyawa, kuma ba ƙarya ta yi ba, tana biyawa kafin ta kwance tsumman.

Kwanaki suka yi ta wucewa, tukunya shiru. Gero ya yi kore shar, aka shiga noman fari. Masu wucewa da fartanya sukan ce, "Malam, ya masu jego?" Shi kuwa yakan amsa da cewa suna gaishe su, sun ce suna tafe. Amma in babu kowa yakan tsaya a kan tukunyar ya daɗe. Abin da ya karanta ya karanta, bai taɓa gani da idonsa ba, kuma ya san in yashin nan bai motsa ba, ba sauran mai jin maganarsa a garin, yaro ko babba.

Wata safiya yana alwala ya ji ihun Maijidda. Ya iske yaran sun haɗa kai a bakin tukunya. Yashin yana motsi. Wasu 'yan halittu farare, ba su kai ƙwayar dawa ba, suna kutsowa sama, suna sabule wata fatar da ta rufe su. Kafin rana ta ɗaga sun yi baƙi, sun fara tsalle suna bugun tsumman.

"Ɗango ne," in ji Basiru, murya ƙasa ƙasa. "Wallahi ɗango ne. Ba a yi ruwa ba kuma."

Malam ya fara neman takalminsa, yana shirya abin da zai faɗa wa dagaci. Kafin ya samu ɗaya ƙafar, Maijidda ta ɗaure bakin tukunya, ta ɗora a ka, ta fita, sauran yara a bayanta. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sai ya ajiye shi. Ya san in ya bi su bakinsa zai ɓata aikin.

Dagaci yana zaure da dattawa. Yarinyar ta durƙusa, ta sauke tukunya a gabansa, ta kwance. Ɗango ya watsu a kan buzu da farar rigar ubanta. Yara suka ɗauka baki ɗaya, suna rausaya kai kamar a gaban allo: fara ta haifi ƙwai, ƙwai ya haifi ɗango.

Iliyasu ya karkaɗe rigarsa. "Malaminku ne ya kamo ya zuba."

"Baba, ni nake ɗaurewa, ni nake kwancewa. Ɗaurina ne, irin wanda Inna take cewa ba ya kwantuwa. Ka zo ka gani."

Ta kama hannunsa. Bai saba a ja shi a gaban mutane ba, amma ya tashi. A bakin rafi ya tsuguna, ya sa yatsansa, ya ciro curi, ya ɓare. Ƙwayoyin sun kumbura, a kan kowace akwai ɗigo biyu baƙaƙe, idanu, suna kallonsa ta cikin ɓawo. Ya dubi yashin, ya juya ya dubi gonaki. Sannan ya miƙe.

"A kaɗa ganga."

Ba a taɓa gayya irin wannan a Tudun Gawo ba. Maza suka haƙa dogon rami tsakanin rafi da gonaki, mai zurfin gwiwa, gefensa a tsaye. Mata suka bi yashin da fartanya suna kifar da shi. Aka koro kajin gari da zabi, suka yi ta ci har suka kasa tafiya. Duk da haka abin da ya rage ya ƙyanƙyashe, yashi ya koma baƙi, ya fara gangarowa.

A nan manya suka so ɓata aikin, suka auka wa rundunar da ihu da duka, ɗango ya tarwatse ko'ina. Basiru ya hau kututture.

"Baba, ku daina! In an tsorata shi watsewa yake. A hankali ake kora shi. Da sanyin safiya ma ba ya motsi, yana manne a jikin kara, sai rana ta yi ɗumi. Mun gani a ragowar na tukunya da muke kiwo."

Maƙeri ya dubi ɗansa, ya sauke sandarsa. Aka ja layi, yaro a tsakanin kowane manya biyu, ana kaɗa reshen sabara sannu sannu. Ɗango ya taru, ya bi gaba, ya zuba cikin rami kamar ruwa. Aka tura ƙasa, aka tattake. Da sassafe akan cinna wa ciyayin da ya kwana a kai wuta. Haka aka yi ta yi har yashi ya daina fitar da kome. Malam yana gindin gawo, hannu a baya, in ya ga wanda ya yi ganganci ya ce, "Tambayi 'yarka." Da labari ya kai ƙauyukan hayin rafi, inda ɗango ya fara cin gefen gonaki, sai suka aiko a ba su aron yara. Aka ɗora Maijidda da Basiru a kan jaki, suka tafi koyarwa.

Gero ya yi bununi, ya yi ƙwaya, ya sunkuya. Duk daminar Malam yana wasa wata magana a ransa. Ya gwada ta doguwa, ya gwada ta da habaici, a ƙarshe ya ga gajeriyar ta fi kaifi. Ya zaɓi wurin tsayawa da inda zai ɗan dakata kafin ya sake ta.

Da kaka ta yi, wata Juma'a bayan an sauko, ya ji hayaniya a ƙofar gida. Dagaci ne da rabin gari, samari ɗauke da dammunan gero, yaran da aka janye duk an dawo da su, kowa da allonsa a hammata. Malam ya fito, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki ke nan, Iliyasu ya ɗaga hannu, ya yi magana da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"Malam, ka faɗa mana. A ƙofar masallaci ka faɗa mana, ba mu ji ba. Allah ya saka."

Jama'a suka amsa da amin. Samari suka shiga jibge dammuna, mata suka rangaɗa guɗa, maƙeri ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. Malam Kashim yana tsaye a tsakiyarsu, rumbunsa yana cika a karon farko tun rasuwar Amsa, kuma ransa a ɓace, don mutumin ya shigo har ƙofar gidansa ya ƙwace masa magana daga baki. Ya rayu shekaru bayan haka, yana jiran su sake yin wata wautar, amma duk abin da ya shafi ƙwari sai su tambayi yara. Bai taɓa samun damar cewa, "Ai na faɗa muku," ba.