Rasit da Sunan Sallau Bawa

Tun safe zazzaɓi ya rufe ni, amma ban kwanta ba, domin saura kwana tara wa'adin da mai gida ya ba mu ya cika. Ƙarin hayar da ya yi na bana ya fi ƙarfina. Bayan azahar na tafi rumfar Alhaji Ɗanlasan dillali, wanda aka ce ya san hanyar tsofaffin benayen ma'aikata, inda haya ba ta motsi. Ban same shi ba. Na zauna a benci, na jingina kai da bango, maganin da na sha ya fara aikinsa.

Sai ga ni a tsakiyar birni, gidaje suna tafiya da dogayen ƙafafu irin na zalɓe. Duk wanda na matsa kusa da shi sai ya miƙe, ƙofarsa ta wuce saman kaina. Jama'a na biye da su da katifu a ka, ba mai gudu, ba mai kuka. Ni ma ban damu ba. Na dai lura takalmina na dama ya fara cinyewa.

Wani ƙadangare mai jan kai ya sauko daga katanga, tarin mukullai a wuyansa.

Ya ce, “Malam Lurwanu, mai tafiya kake nema ko mai zama?”

Na ce, “Mai zama.”

Na tambaye shi ko akwai, ya gyaɗa kai. Na tambaye shi ko babu, ya gyaɗa kai. Daga nan na gane dillali ne, na bi shi.

Muka kutsa ta cikin wani bututun ruwa, muka ɓullo gaban bene mai hawa uku wanda fentinsa ya koɗe. Shi kaɗai ne a zaune daram. Kalandar da ke bakin matakala tana nuna shekarar da ba a ma haife ni ba. A ƙofa kuwa takalma ne jibge kamar na masallacin Juma'a, wata tsohuwa tana ture su gefe da tsintsiya.

Na ce, “Sannu da aiki, Iya. Taro ake yi a ciki?”

Ta ce, “Ba takalma ba ne, ɗan nan, sunaye ne. A nan ake tuɓewa.”

Na duba da kyau. Wasu sun tsufa, wasu sababbi fil, akwai har ƙanana na yara. Ban tuɓe nawa ba, ita ma ba ta matsa mini ba.

Ɗaki na sha huɗu a buɗe yake. Ciki da falo, taga biyu, famfo yana zuba. Na ƙiyasta inda gadon matata zai shiga, ya shiga har da sauran fili. A bango akwai ƙusa, a jikin ƙusar wani tsohon rasit yana lilo, shi ne ya yi mini sallama.

Ya ce, “Ni ne Sallau Bawa, masinja. Ni aka fara ba ɗakin nan. Na rasu shekara talatin da ɗaya ke nan.”

Na ce, “Allah ya jiƙan ka,” don ban san abin da ake ce wa takarda ba.

“Amin. Amma a littafin ofis ina nan da raina. Muddin sunana ne a jikina, haya tana inda na bar ta. Ranar da aka canja suna, ɗakin zai yi ƙafa ya bi 'yan'uwansa.”

Na waiwaya, sai na ga mutum huɗu zaune a tabarma: tela, direba, wani tsoho mai gilashi, da wata malamar makaranta. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, murya ta ce, “Sallau Bawa?” Su huɗun suka amsa tare, har da malamar.

Rasit ya ce, “Kai ne na biyar. Bayan ni nake ƙirga.”

Na ga abin bai yi tsada ba. Suna dai ba ya hana ruwan sama zuba a kan mutum. Na sunkuya zan kwance takalmi, sai na hangi 'yata Barira a gindin bango da gawayi a hannu. Shekararta shida, watan jiya ta koyi rubuta sunanta haɗe da nawa, ba bangon da ta bari a gidan da za mu tashi. Ta rubuta Barira, ta tsaya.

Ta ce, “Baba, me zan sa a gaba?”

Ƙadangare ya ce, “Masu dubawa daga ofis yara suke fara tambaya. Su ne ba su iya ba sai an koya musu.”

A nan ne kaɗai na ji abin ya soke ni, na ji kunya kuma. Ita kuwa tana riƙe da gawayi tana jira.

Ƙarar mukullai a kan benci ta tashe ni firgigit. Alhaji Ɗanlasan ne tsaye a kaina, rana ta yi sanyi, rigata sharkaf da gumi.

Ya ce, “Malam, ka taki sa'a, an samu. Sai dai ka san ƙa'idar wurin, rasit ba ya canja suna. Kana da yara?”

“Ɗaya.”

“Ta yi wayo?”

“Har rubutu take yi.”

“To, a fara koya mata tun yau.” Ya juya kamar zai shiga rumfa, sai ya waiwayo ba zato. “Malam Sallau!”

Na ji bakina ya ce, “Na'am.”

Ya yi dariya, ya ce na fi na baya saurin ɗauka. Na sunkuyar da kai, sai na ga takalmina na dama can gefen benci, ban san lokacin da na tuɓe shi ba.