Tutar Don Eusebio

"Ku fitar min da tsummokaran nan waje," in ji Doña Nélida. "Nan gidan makoki ne, ba filin ƙwallo ba."

Ba wanda ya motsa. Cacho, ɗan kiran taron jam'iyya a unguwar, yana tsaye ta wajen kan mamacin da shuɗiyar tuta. Rubén, wanda watan jiya ma tare suke liƙa hotuna, yana wajen ƙafa da koriya. Tsakaninsu Don Eusebio ne kwance a akwati, karon farko ke nan ana gardamar siyasa a ɗakinsa bai tsoma baki ba.

Katanga ɗaya ta raba gidan Nélida da nasa. Tun rasuwar matarsa ita ke miƙo masa abinci, da ciwon huhu ya kwantar da shi kuma ita ta yi jinya, ƙarƙashin hoton Dakta Almirón, magajin gari, da ke rataye saman gado. Wai a zamanin ƙuruciyarsu Almirón ya shigo unguwar a bayan akori-kura, ya sha shayin mate a ƙoƙon Eusebio, ya ce su ne 'yan ƙasa na gaskiya, manyan cikin birni kuwa ɓarayi ne. Shi ke nan, an gama da Eusebio. Da Almirón ya ƙwace kamfanin ruwa ya mai da shi na hukuma, Eusebio ya yi tafi. Da ya sayar da shi, Eusebio ya sake yin tafi, har ya fi na farko ƙarfi.

Eusebio da 'yarsa Griselda, malamar makaranta, duk Lahadi sai sun kwashi 'yan kallo. Takan ce wannan ba aƙida ba ce, salon magana ne kawai, a raba jama'a biyu a nuna maka wanda za ka tsana. Mai aƙida ana sanin abin da zai yi gobe, shi kuwa Almirón ko jiyarsa ba ta da tabbas.

"Ke karatu kika yi," Eusebio kan ce. "Ni kuwa kafin shi, ba mai kwat da laktaye da ya taɓa tambayar sunana."

Wannan kam Griselda ta san gaskiya ce. Nélida dai haushinta na hanya ne. Kwaltar da aka yi musu alkawari tun tana goyo har yau ba ta iso ba. Ranar da numfashin Eusebio ya sarƙe, motar asibiti a bakin titi ta tsaya, sai ƙyauren ɗaki aka cire aka ɗauke shi a kai, ana ta dulmiya cikin taɓo. Yana haki, yana cewa manyan can ne suka hana Dakta aiki. Wallahi ba don rashin lafiya ba, da ta faɗa masa magana.

Da aka dawo da shi gida don ya ƙarasa kwanakinsa, ya riƙe mata hannu. "Maƙwabciya, ki rufa min tutar talakawa. Kar ki bari a kai ni haka tsirara."

Ta ce to. Abin da ba ta gaya masa ba, Almirón ya tsufa, ɗansa da mataimakinsa sun yage jam'iyyar gida biyu, kowa da launinsa. In an fara labarai sai ta kashe rediyo ta ce batir ya mutu.

Ga shi yanzu alkawari ya zo wuya. Cacho ya ce su suka kawo akwati. Rubén ya ce su suka kawo motar masu rakiya. Griselda, idanu jawur, ta ce kar a sa ko ɗaya. Nélida ta ajiye butar mate ta tambaye su, tsakani da Allah, mene ne bambancin shuɗiyar da koriyar.

"Mu ne talakawa," in ji Cacho.

"Mu ne talakawa," in ji Rubén. "Su maciya amana ne."

Duk kanwar ja ce. Nélida ta juya musu baya don kar su ga hawayenta. Sai idonta ya faɗa kan labulen taga. Tutar farko ce, wadda aka raba daga bayan akori-kurar nan. Ita ta yi wa matar Eusebio kalmasar bakin tutar. Rana ta cinye launin, ta cinye rubutun, ta bar ƙyalle kamar buhun fulawa.

Ta hau kujera ta ciro shi, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa kan akwatin. Griselda ta kama ɗaya gefen ta gyara.

Cacho ya leƙa ya ce ai da shuɗiya ce. Rubén ya rantse koriya ce. Nélida ta san ruwan ɗorawa ce, amma ta ja bakinta.

Motar gawa ma a bakin titi ta tsaya. Dole Cacho da Rubén suka jingine tutocinsu, suka sa kafaɗa tare, taɓo har idon sawu. Nélida ta koma ta rufe ƙofa. Tagar ba labule, rana ta shigo ta kwanta a kan gadon.