Durumin Ƙofar Jatau

Ramin ya kai gwiwa sa'ad da Arzika ya iso. Ya taho daga gona da damin dawa biyu a kan jaki, ya tarar da maƙwabcinsa Jatau a ƙofar gida, ba riga, yana sara ƙasa da dagi yana kwashewa da sakaina. Tsohon ya haura saba'in. Shi ya haƙa yawancin rijiyoyin da ke tsakanin Rawayya da wannan 'yar tunga tasu mai gida shida, shi ne kuma ke haƙa musu kabari in an yi rashi. Arzika ya ɗauka kabari ne, sai da ya matso ya ga ramin a kewaye yake, ba a miƙe ba.

Ya gaishe shi, ya tambayi abin da za a sa a ciki.

"Icce," in ji Jatau.

Arzika ya ɗaga kai ya dubi sama. Ruwa ya ɗauke fiye da wata guda, ciyawar bakin hanya ta soma ja. Ya ce ai ba a dashe da kaka, ya bari damina ta faɗi. Jatau ya ce ya ji, ya ci gaba da sara.

Tungar ba ta da inuwa. Da suka fito daga cikin ganuwa shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan hari ya lafa, sun sare dajin kaf don gona, ba su bar komai ba sai ɗorawa da kaɗanya can tsakiyar karkara. A bakin hanya marke ɗaya ya tsira, daidai ƙofar Jatau, shi ma tsawa ta tsaga shi a ruwan ƙarshe. A gindin marken nan Maijidda matar Jatau take wuni. Idonta ya mutu shekara bakwai ke nan, amma hannunta bai mance dakan fura ba. Matan Fulani masu tallar nono nan suke sauke ƙwarya su huta, fatake masu zuwa Gusau su tsaya su sha, su ba ta labarin duniya. Tun da marken ya faɗi sai su yi sallama daga nesa su wuce, don ba mai tsayawa a rana. 'Ya'yanta uku duk suna ƙasa. Wanda ya rage mata ɗan ƙanenta ne a Bilbis, wanda ko muryarsa ba ta sani ba.

Bayan la'asar Arzika ya dawo, suka zauna a zaure. Ya ɗauka tsamiya tsohon zai sa, don shekara da shekaru yana jin sa yana yabonta, inuwa mai sanyi, saiwa mai nitsewa ƙasa ba ta taɓa ginin kowa. Jatau ya girgiza kai. Ya ce tsamiya sai ta shekara goma sha biyar ba ta rufe tabarma ɗaya ba. Kuka kuwa lokacin da aka fi bukatarta take tuɓewa. Ya yi tunanin gawo, tunda shi da rani yake ganye, sai ya tuna ƙayar da yake zubarwa, ga mace ba ido, ba takalmi. Ceɗiya bai ko so a ambace ta. Ya sha shiga rijiya ya tarar da saiwarta kamar cinyar mutum ta fasa gefe ta shanye ruwan. Durumi zai sa. In aka sami reshe mai kauri aka kafa shi, damina uku ya isa mutum biyar su zauna. Ya riga ya auna, taku arba'in ne daga ramin zuwa rijiya.

"Baba, kai da bakinka kac ce mani durumi da ceɗiya halinsu guda."

"Na ce. A da ina da lokaci."

Arzika ya matso kusa. Ya dubi hannuwan tsohon a kan gwiwa, ya ga ba sa rawa, ba alamar ciwo a jikinsa. Wannan ya fi tayar masa da hankali.

A makon nan labari ya fara shigowa. Wani falke da ya tsaya neman ruwa ya ce ciwo ya shiga Gusau. Da ciwon kai yake farawa, da sanyi, sai tari, kwana uku ko huɗu mutum ya tafi, kuma ya fi ɗaukar masu ƙarfi. Ya ce kasuwa ba ta ci ba, farin likkafani ya ƙare a hannun masaƙa, ana sa gawa biyu a makara ɗaya. Marisuwa, haka ya ji ana kiransa. Bayan kwana biyu aka ce ya kai Tsafe. Ranar Juma'a aka ce Bungudu. Labbo, mai tungar, ya bi gida gida ya ce kada wanda ya shiga gari sai abin ya wuce.

Durumin da Jatau ke so kuwa a Bungudu yake, a bakin marinar wani amininsa Attahiru, wanda ya taɓa haƙa wa rijiya. Ya ce ya san iccen tun yana sanda, bai taɓa ganin ya yi tsutsa ba. Ya roƙi Arzika aron jaki, ya ce in da hali ya raka shi, don reshen zai yi nauyi.

Arzika na da mata, Zainabu, da cikin wata bakwai, da 'yan mata biyu ƙanana. Ya ce dawa na jiran sa a gona, tsuntsu ya fara yi mata ɓarna. Yana faɗi yana duban ƙasa. Jatau ya ce gaskiya ne, dawa ba ta jira. Ya karɓi igiyar jakin, ya rataya gatari, ya kama hanya da sassafe.

Sai washegari bayan azahar ya dawo. Arzika ya hango shi daga gona, jakin na tafe a karkace, reshen ya fi tsawon mutum da rabi, gindinsa na jan ƙasa. Ya ajiye lauje ya rugo zai taya shi saukewa, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya nan inda kake. Na shaƙi iskar garin."

Daga nesa ya ba shi labari, yana kwance igiya. Attahiru an binne shi kwana ɗaya kafin ya isa. Ɗansa ne ya leƙo daga zaure a lulluɓe, ya ce ya sari duk reshen da ya ga dama. Marinar ba kowa, ramukan rini duk sun yi yana a kai, ba mai motsa su. Ya sare reshen zai fito, wata tsohuwa ta gane shi, ta riƙe masa riga. Gawa uku a gidansu tun jiya, ba mai haƙa. Ya haƙa musu. Daga nan wasu suka kira shi, ya haƙa biyu. Shi ya sa ya kwana.

Maijidda ce ta riƙe masa reshen. Ya kamo hannunta ya kawo ta bakin ramin, ta rungume iccen da hannu biyu, yana cewa matsa dama, matsa hagu, har ya miƙe. Ya zuba toka saboda gara, ya mayar da ƙasa yana dannewa da dunduniya, ya shafe kan reshen da kashin shanu don kada rana ta tsotse shi. Sa'annan ya jawo ƙayar magarya ya kewaye saboda awaki, ya bar 'yar kafa ta gefen gida. Duk abin nan Arzika na tsaye can gefen hanya, hannuwansa a baya.

Washegari Jatau ya fito ya ba iccen tulu biyu. Rana ta biyu ma ya fito, amma sau uku yana ajiye tulun a hanya. Rana ta uku bai fito ba.

Danga ɗaya ce ta kara ta raba gidajen. Ta cikinta Arzika ke jin tarin, busasshe da fari, daga baya ya koma kamar ana jan guga a rijiya mai laka. Ya jawo ruwa ya ajiye musu a bakin zaure, ya yi sallama, bai shiga ba. Zainabu ta dama kunu ta tura ta ƙasan danga. Labbo ya zo ya tsaya a hanya yana faɗa, wai tsoho ya je ya ɗauko musu mutuwa saboda sanda, in aka rasa ko mutum ɗaya a tungar nan da hannunsa zai tumɓuke ta. Arzika yana jin sa daga cikin gida. A ransa akwai inda ya yarda da Labbo, kuma ya ji kunyar hakan.

Rana ta huɗu da hantsi Maijidda ta lallabo jikin danga.

"Arzika. Malam na kiranka."

Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Bai tashi ba. Ya dubi 'yan matansa suna wasa da ƙasa a gindin rumbu, ya dubi cikin Zainabu. Ita kuwa ta ajiye taɓarya, ta ce a hankali, in da su ne a kwance da tuni tsohon ya shigo. Ta koma ga dakanta.

Ɗakin ya yi zafi, yana warin hayaƙi da zufa. Jatau na kan gadon kara, an tokare bayansa da buhun auduga. Fuskarsa ta yi toka toka, leɓɓansa sun yi baƙi. Maijidda ta zauna wajen kansa tana tsoma tsumma a ƙwarya tana laluben goshinsa. Arzika ya durƙusa a bakin ƙofa, sa'annan ya ji abin bai dace ba, ya matso har gwiwarsa ta taɓa gadon.

Maganar tana fita guntu guntu. Tulu biyu kullum da safe, har ruwa ya sauka. Kada ya zuba a jikin iccen, ya zuba a kewaye. In ya ga ganye nan da kwana ashirin kada ya yi murna, ruwan jikin reshen ne, tohon biyu shi ne na gaskiya. In ɗan ƙanen Maijidda ya zo daga Bilbis, kada a yanke komai sai an tambaye ta, in ta ce nan za ta zauna a bar ta.

Ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Ba ni da abin bar mata sai mutanen hanya. In da inuwa, za su tsaya."

"Ina nan, Baba. Zainabu na nan."

"Na sani. Ku ma kuna da naku." Ya juyo da ido da ƙyar. "In na kawo muku wani abu, ku gafarta mani. Ka faɗa ma Labbo."

Arzika ya buɗe baki zai yi maganar jakin, da dawar da ba ta hana shi komai ba. Tsohon ya riga shi. Ya ce da ya bi shi da yanzu su biyu ne a kwance, wa zai ɗebo ruwa. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Bai sake magana ba sai kalmar shahada, Arzika na faɗi yana bi da leɓe. Jim kaɗan bayan azahar Maijidda ta ɗora tafinta a ƙirjinsa, ta daɗe, sa'annan ta janye ta gyara lulluɓinta. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ce a duba cikin tukunyar da ke bayan gado, akwai fari, tun bara ya saya ya ajiye.

Arzika ne ya yi masa wanka, shi kaɗai. Shi ne kuma ya haƙa kabarin, ƙasa ta bushe ta yi tauri, abin da tsohon kan gama kafin a ɗaure makara ya ɗauke shi har tafinsa ya fashe. Mutum huɗu suka fito. Labbo ya zo daga ƙarshe, ya naɗe baki da hanci da rawani, ya ja sallar. Arzika ya isar masa da saƙon a bakin kabari. Labbo ya ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Da suka dawo ya tsaya a gaban ƙayar, ya dubi sandar sama da ƙasa, ya wuce gida bai taɓa ta ba.

Rana ta yi sanyi sa'ad da Arzika ya tuna yau ba a ba sandar ruwa ba. Ya ɗauki tulu ya nufi rijiya. A guga na uku ya ji wani nauyi a bayan idonsa, ya gaya wa kansa zafin ranar makabarta ne. Hanyar Gusau fayau, tun safe ko jaki ɗaya bai wuce ba. Daga can gidan Labbo wani ya yi tari, ya tsaya, ya sake.

Ya shiga ta kafar ƙayar ya zuba ruwan a kewaye, ƙasa ta shanye nan take. Maijidda na zaune a bakin zaure, Zainabu a gefenta. Inuwar sandar ta miƙe siririya ta ƙetare ƙayar har tsakiyar hanya. Wata kaza ta zo ta tona ƙasa a cikinta, ta kwanta, rabin jikinta a rana.