Makullin Wuyan Alhaji Litni

Da hantsi aka jawo mini motar Ahamuk da igiya har ƙofar gareji, tankin da ke bayanta cike fal da ruwa. Tun ba ta gama tsayawa ba ya diro. Mutumin da ko gobara ake yi sai ya tambayi lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya, ranar ko sallama bai ƙarasa ba.

"Malam Bujuma'a, rijiyar Baba ta ƙafe. Baba ya kira jiya, ya ce ruwan da ya rage masa ba zai kai gobe ba. Tun daga nan wayar ba ta sake shiga ba."

Na san mahaifinsa, tsoho Wantiti. Yana can kudu da Tamanrasat shi kaɗai da raƙumansa, tafiyar yini guda a mota. Ba mai raki ba ne. In ya buɗe baki ya ce ruwa zai ƙare, to ya riga ya ƙare. Motocin da za su iya ratsa wannan yashin da tanki kuwa duk sun tafi wajen haƙar zinariya. Wannan akori-kurar ce kaɗai.

Na murza makulli. Kik yana juyawa lafiya lau, inji ya ƙi kamawa. Batir garau, babu fiyus da ya ƙone. Na jona na'urar gwaji, ta yi ta ƙwanƙwasa, ba wanda ya amsa mata. Wannan shirun na kwamfutar inji ne, wadda muke kira ƙwaƙwalwar mota.

A irin wannan motar tana can ƙasa, wajen ƙafar mai zaman gaba. Ina buɗe ƙofar na ci karo da salka shimfiɗe a wurin, ta cika tim tana tsatsafo da ruwa, dardumar ƙasa jiƙe sharkaf.

"Wannan fa?"

"Ta Baba ce. Ba ya shan ruwan roba, ya ce ɗanɗanon takalmi gare shi."

"Kowa a garin nan a jikin mota yake rataye salka, daga waje. Kai me ya hana ka?"

"Wurin zamansa ne. Ko ba ya nan, nan take zama."

Na cire murfin, na zaro akwatin. Bakin wayoyin ya yi kore shar, ina girgizawa ruwa ya ɗigo mini a hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa wanda zan zaga, shi ko akuyar da aka yi salkar da fatarta.

"Ladabinka ya kashe motar nan, Ahamuk. Sabuwa sai an aiko daga arewa, kwana da kwanaki."

Ya tsaya riƙe da ƙofar, yana kallon akwatin.

"Amma akwai irinta sak a garin nan," na ce. "Tana kan duwatsu tun da giyabos ɗinta ya fashe. Motar Alhaji Litni."

Ya ja amawalin rawaninsa ya rufe fuska har gindin idanu, kamar Alhajin yana tsaye a bayana. Alhaji Litni surukinsa ne, uban matarsa Tekna. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa haɗa ido ba, balle magana. In wannan ya hango wancan a kasuwa, sai ya sake layi.

"Ba zan iya ba, Malam."

"Ubanka na can harshensa na bushewa."

"Na sani." Ya kau da kai. "Ka je kai. Amma don Allah kar ka ambaci sunana."

Na tarar da Alhaji Litni a inuwar katangarsa yana fifita gawayin shayi. Na roƙe shi aron ƙwaƙwalwar, ya dube ni sama da ƙasa.

"Motata ba gawa ba ce da za a zo yagar nama. Jinya take. Zauna ka sha shayi."

"Alhaji, rai ne a ciki."

"Kullum haka kuke cewa, ku bakanikai. Ran wa?"

Na yi wa Ahamuk alkawari, gaskiya ne. Amma rana ta riga ta take tsaka, ni kuma haƙurina ba shi da yawa.

"Ran Wantiti. Rijiya ta ƙafe. Mai kai masa ruwan kuma mijin Tekna ne, kunyarka ta hana shi zuwa."

Tsohon ya ajiye mafici. Ya miƙe ya bar butar shayin a kan wuta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Me kake jira? Ɗauko kayan aikinka."

Tare muka dawo gareji. Ahamuk na hango shi ya juya baya, ya fuskanci bango. Ni dai na tsunduma ƙarƙashin kujera, na wanke bakin wayoyin, na busar da su da iska, na ɗaura ƙwaƙwalwar aro. Gumi na shiga mini ido. Na murza makulli, fitilar inji ta haska, na'urar gwaji ta samu mai amsa mata. Kik ya juya, ya juya. Inji ya ƙi kamawa.

Sai can na gane. Ƙwaƙwalwar makullin maigidanta kaɗai ta sani, saboda ɗan ƙwayar tsaro da ke cikin kansa. Na ɓalle kan makullin Ahamuk na cire tasa ƙwayar, na juya wajen tsohon.

"Alhaji, ba ni makullinka. Zan ɗaure shi a jikin sitiyari, ta ji shi kusa."

Ya dafe ƙirji. Ashe makullin na wuyansa, an tufke shi cikin igiyar fata guda da layunsa.

"Wannan igiyar mahaifiyata ce ta ɗaura mini. Ba ta fita sai ranar wankan gawata."

"To sai dai ka sunkuyo da kanka. Kuma duk inda motar ta mutu a hanya, sai an sake."

Ya zagaya ya shiga gaba, ya ɗora salkar a cinyarsa.

"Ka ce wa direban ya shigo."

Ahamuk ya shiga kamar mai taka garwashi. Tsohon ya sunkuya har rawaninsa ya taɓa gwiwar surukinsa, ya manna makullin wuyansa a bakin mazubin makulli. Ahamuk ya murza, idanunsa na waje ta taga. Inji ya yi tari, ya kama.

"Ka ce wa direban ya bi ta kwarin yamma," in ji Alhaji Litni. "Ya fi kusa."

Suka tafi. Washegari ban iya taɓa aikin kowa ba. Duk ƙarar mota sai in leƙa.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, motar ta kunno kai a hankali, tanki wayam. Ahamuk ne kaɗai a gaba. Na ƙarasa jikin taga ban san da wace kalma zan fara ba, sai na ga makullin ɗaure a sitiyari da guntun igiyar fata, bakinta yankan wuƙa.

Na zagaya baya. A 'yar inuwar tankin Alhaji Litni ne zaune, wuyansa babu komai, kan Wantiti a cinyarsa. Leɓɓan Wantiti sun tsattsage, amma idonsa biyu, Alhaji na ɗiga masa ruwan salka kaɗan-kaɗan.

Alhaji Litni bai ko kalle ni ba. Ya buga rufin motar da tafin hannu.

"Ahamuk, ɗana, kar ka kashe ta. Wuce da mu asibiti."