Mai Riƙe Tsani

"Shigo mana, ɗana. Ko sai an aiko maka da mota?" in ji matar Baba Kafinta, tana ɗage labule.

Direba ya shiga, kansa a ƙasa. Ɗakin na warin man zafi. Tsohon na kwance, ƙafarsa bisa matashi, idon sawun ya kumbura ya yi baƙi. Gefen gado an tara wa yoyo roba. Ɗas. Ɗas.

"A'a, yau manyan baƙi ne da mu!" Baba ya ce. "Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai ka ce ƙaura ka yi."

"Hidima ce, Baba."

"Na sani. Mota ba ta wanke kanta."

Direba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A duk layin, tsani ɗaya ne, na Baba, kuma da dokarsa: ba ya fita shi kaɗai. In ka ari tsanin, har mai shi ka ara. Zai bi ka gida, ya taka ƙasa ya ji ko da santsi, ya ja gindin baya kaɗan, ya tokare da ƙafa, ya riƙe da hannu biyu. "Kar ka miƙa hannu da nisa, sauko mu matsar." Samari suna yi masa dariya, suna ce masa Ɗan Rakiya. Direba ne ma ya raɗa masa sunan.

Ranar da abin ya faru hadari ne ya haɗu, ga indararon Baba ya toshe da ganye. Ya leƙo ya ce, "Ɗana, zo ka riƙe mini." Direba na wanke mota, waya a kunne. Ya ce, "Ina zuwa, Baba." Bai zo ba. Ruwan sabulun ya gangara gindin katanga, daidai inda tsoho ya kafa tsaninsa.

Da fari aka ce targaɗe ne. Sai a asibiti aka ga ƙugu ma ya tsage. Kwanciya ta kawo tari, tari ya ƙi tafiya. Direba kuwa ya koma bin bayan layi don kar ya wuce ƙofar.

Babbar 'yar Baba ta shigo da ruwan zafi, ta gaishe shi. "Ni abin da ke ci mini rai," ta ce, "mutumin da ya riƙe wa kowa, a ce shi an rasa mai riƙe masa. Baba, da ka ƙwala wa yayan nan nawa kira, ai da gudu zai zo."

"Ban kira kowa ba," in ji Baba. "Taurin kai ne irin na tsufa."

Direba ya ɗago kai. "Baba, ai ranar nan..."

"Ka ga robar can?" tsohon ya katse shi, idonsa cikin nasa. "Indararon yana nan a toshe. Ni ba hira nake so ba, barci nake so babu ɗas-ɗas."

Direba ya fita ya kafa tsanin. Tsohuwar ta zo ta riƙe. Yana taka matakalar farko murya ta fito ta taga, haɗe da tari.

"Kin tokare da ƙafa? Kai kuma cire silifas ɗin nan!"

Ya cire. Ya hau, ya kwashe ruɓaɓɓen ganye da hannu, yana share ido da kafaɗa.

Aka sake yin ruwa, ɗakin bai ɗiga ba. Cikin makon, wata safiya, Baba ya cika. Matarsa ta ce a barci ya tafi.

Bayan an watse daga zaman makoki da kwanaki, Mai Shago ya zo aron tsani, ƙwan fitilar rumfarsa ya mutu. Kafin tsohuwar ta amsa, Direba ya riga ya saɓa shi a kafaɗa.

"Haba maigida, bar shi, ni kaɗai ma na isa," in ji Mai Shago.

Direba ya yi gaba abinsa. A bakin shagon ya taka ƙasa, ya ja gindin baya kaɗan, ya tokare da ƙafa. Sai ya lura da wasu wurare biyu a jikin katakon, sun yi sumul sun yi duhu, ƙasa da inda hannunsa ke kaiwa.

Ya ɗan rusuna, ya ɗora hannayensa a kai.